Ƙaramin injin MIG na inbata a aikin bodi da salansa: inda ya biya da inda ya gaza

Injin da nake magana a kai shi ne ɗan ƙaramin nan na inbata, ƙirar Sin, mai aiki uku: waldar waya da gas (wato MIG), waldar waya ba gas, da ta ilektorod wadda kowa ya sani. Sunaye kala-kala ake liƙa masa, amma kayan cikin kusan iri ɗaya ne. Bayan na gwada shi a ƙofofi, fenda da bututun salansa, ra'ayina shi ne ya ci kuɗinsa, muddin an haɗa masa tukunyar gas. In ba gas, rabin inji ka saya.

Kafin ka nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka, ka cire idonka daga babbar lambar da ke jikin kwali, amfiya 200 ne ko 250. Sau da yawa cika baki ce, kuma ko gaskiya ce ba ita kake bukata ba. Kaurin ƙarfen bodin yawancin ƙananan motoci tsakanin milimita 0.7 da 1 yake, bututun salansa kuma 1.2 zuwa 1.6. Abin tambaya shi ne ƙasa nawa injin yake iya sauka. Wanda ke sauka zuwa amfiya 30 yana riƙe wuta ba ya tsinkewa, shi ne na bodi. Wanda ƙaramar wutarsa ta fi haka da yawa, huda ƙofa zai yi ta yi kana bin rami da cikowa. Dalilin da ya sa waldar ilektorod ba ta dace da bodi ba ke nan: ilektorod mai kaurin 2.5 yana son amfiya 60 zuwa 90, kuma fallen ƙofa ba zai jure ba.

Masu gas da kabaid sun daɗe suna wannan aiki, kuma a hannun gwani yana kyau. Matsalarsa zafi ne da ke bazuwa nesa da inda ake walda. Fallen ya kumbura ya lotsa, a dawo ana bugu, a ƙarshe a lafta fila mai kauri wadda za ta tsage bayan an sha rana da gargada. MIG kuwa zafinsa a wuri guda yake taruwa na ɗan lokaci, saboda haka gyaran bayan walda kaɗan ne.

Ga yadda ya fi yin kyau a bodi. Waya zalla mai lamba ER70S-6, kauri 0.6, da ɗan bakin jan ƙarfe na 0.6, a kuma juya 'yar tayar da ke tura waya zuwa ramin da ya dace da ita. Hannun walda a jona shi a ƙafar da ke da alamar ƙari, wayar at (wadda ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake walda) a ta ragi. Gas ɗin da ya fi shi ne haɗin argon kashi 75 da CO2 kashi 25. CO2 zalla ya fi araha da sauƙin samu, amma ya fi zafi da fantsama. Lita 8 zuwa 10 a minti sun isa. A kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari ta fuska biyu in hannu na kaiwa. Facin a yanka shi daga falle mai kauri ɗaya da na motar, a bar tsakani bai wuce kaurin wayar ba. Kada a ja layi. Ɗigo ake yi, a tsallaka kamar faɗin yatsu uku a sake ɗigawa, a koma wani gefen, a bar wurin ya huce har bayan hannu ya iya taɓawa, sannan a cike tsakanin da wasu ɗigon. Inda ya ɓule, a tokara guntun jan ƙarfe ta baya a cike, domin narkakken ƙarfe ba ya kama shi. A lura da giranda ma: gaggawa wajen gogewa tana lanƙwasa falle kamar yadda walda take yi.

Wayar da ba ta bukatar gas, mai hoda a ciki, 0.8 ce mafi ƙanƙanta da aka fi samu, kuma ita sai an juya ƙafafun: hannu a ragi, at a ƙari. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai su ce inji ne ba shi da kyau alhali fantsamar daga nan take. Wasu injinan masu tsananin araha ba su da wurin juyawar ma, ba su da mashigar gas. Waɗannan a bar su ga mai ƙera ƙofar gida da taga. A bodi wayar hoda ta yi zafi, kuma tana barin ɓawo da in ba a kankare shi tas ba zai tayar da fenti daga baya.

A salansa ne take da rana. Bututun ya fi kauri, kuma ita ba ruwanta da iska, abin da gas ba ya jurewa: a rumfar da ba ta da bango, lokacin hunturu, iska na kwashe gas ɗin, waldar ta fito da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, hayaƙi ya riƙa bi ta nan. Ko kwali ne a kare wurin da shi. Ainihin wahalar salansa ruɓewa ce. Inda ya huje, kewayensa ya riga ya zama kamar takarda, don haka a yanka har inda ƙarfe ke da lafiya, a sa guntun bututu da zai shige kamar santimita 2 zuwa 3. A ɗiga shi wuri uku ko huɗu yana rataye a mota don kada saiti ya kauce, in da hali a sauke a kewaye shi a ƙasa, domin saman bututun da ke kusa da ƙasan mota shi ne inda ido ba ya kaiwa kuma nan yake yoyo. Salansan motoci da yawa na yanzu ƙarfe ne marar tsatsa. Waya ta gama-gari za ta kama shi, sai dai gaɓar ce za ta fara tsatsa. Mai son aiki ya daɗe ya nemi waya 309L. Kan salansa na zubi da ke jikin injin mota kuwa wani aiki ne daban, wannan saitin ba zai riƙe tsagarsa ba.

Kafin a tayar da wuta a jikin mota, a cire kan batir na ragi, a maƙala at kusa da wurin aiki a kan ƙarfe tsirara, don kada wutar ta bi ta wayoyi ta taɓa ƙwaƙwalwar motar. In kusa da indomi (matatar hayaƙin da ke jikin salansa) ake aiki, a kwance na'urar auna iskar da ke ɗaure a bututun. A duba inda tanki da layin fetur suka bi, a ɗaga kafet da soson bayan falle. Ƙarfe mai rufin zinki hayaƙinsa na sa zazzaɓi, a goge rufin a yi aiki inda iska ke shiga.

Inda injin ya ba ni haushi shi ne kayan da ya zo da su. Wayar at siririya ce, matsinta kuma gwangwani, ranar farko ya kamata a canja shi. At marar kyau kan sa wuta ta riƙa tsinkewa har a zargi saiti. Garkuwar ido ta hannu da aka saka a kwalin ba ta aikin ɗigo, sai hular nan mai duhu da kanta, don hannu biyu ake so. Wasu ba sa ɗaukar naɗin waya sai na kilo 1, alhali na kilo 5 ya fi araha, a buɗe murfi a gani kafin a biya. Da damina wayar na tsatsa in an bar ta a ciki, ta toshe hanyarta ta fara sarƙewa, sai a cire a ɗaure a leda. Ƙura kuma fanka ke zuƙa zuwa kan allon lantarki, yana son a hure shi da iska lokaci-lokaci. Ɗan ƙaramin janaretan gida ba zai ja shi ba, a nemi wanda ya kai kVA 5 mai daidaita wuta, kuma a bar shi ya zauna sosai kafin a kunna injin.