Wace manhaja za ka saya don aika sakamakon gasar ces?

In kana shirya gasar ces (chess) wadda za ta shiga lissafin FIDE, wato hukumar ces ta duniya, shawarata Swiss-Manager, wadda Heinz Herzog na Ostiriya ya rubuta. Kuɗi ake biya, a kan Windows take aiki, fuskarta ta tsufa, amma na yarda da ita. Za ta sauke maka jerin 'yan wasan FIDE, ka zaɓi mutum da lambarsa maimakon ka rubuta sunansa da hannu. Ana gama zagaye sai ka tura sakamako zuwa chess-results.com, kowa ya duba a wayarsa kafin ya bar zauren. Wanda aka rubuta wa faɗuwa alhali canjaras ya yi, nan take zai zo teburinka. A ƙarshe ta fitar da fayil ɗin TRF, wato rahoton sakamakon gasar, wanda jami'in maki na hukumar ƙasa yake ɗorawa a rumbun FIDE.

Vega ta Luigi Forlano ma tana aiki, ban dai saba da ita ba. SwissSys da WinTD don gasannin Amurka aka fi sanin su. Excel kuwa kada ka soma.

Abin da ya taɓa ƙona ni lamba ce. Yara biyu masu suna ɗaya, mataimakina ya danna na sama a jerin, alhali ba shi ne ya buga ba. Yaron da ya ci wasa biyar bai samu ko maki ɗaya ba, aka zuba wa wanda yake gida. Mahaifinsa ya zo da takardun wasan a leda, na rasa bakin magana. Tun ranar ba na barin fayil ya tafi da kansa. Sai na gwada shi da takardun da 'yan wasa suka sa wa hannu, tebur bayan tebur.

Ka guji kwafin sata da ake yawo da shi a filas, ba ka san abin da aka cusa ciki ba. Ka guji mai cewa ka ba shi fayil ɗin gasar ya "gyara maka". Haka ake ƙara wasannin da ba a buga ba. Alexandru Crișan na Romaniya ya kai maki 2635 a lissafin FIDE ta wasannin bogi, da ya zauna da manya a garin Portorož na Sloveniya a 2001, rabin maki ya samu cikin wasa tara. Lasisin manhajar ya kasance da sunanka, kwamfutar kuma kada ta kwana a hannun ɗan wasan da ke cikin gasar.