Zobban Fuji K-Series: sun ci kuɗinsu, amma sai an iya jera su

Duk mai kamun kifi da sanda da ke jefa kifin roba da igiyar kitso ya san ciwon ranar iska. Igiya ta yi lauje, ta sarƙe a ƙafar zoben farko cikin zobban da igiya ke bi a jikin sanda, jifa ya tsaya cak, wani lokaci kifin robar ya tsinke ya tafi abinsa. Saboda wannan ne kamfanin Fuji na Shizuoka a Japan ya fito da zobban K-Series. Firam ɗinsu, wato ƙarfen da ke riƙe idon zobe, ya karkata gaba, ba shi da kafaɗar da igiya za ta maƙale, in ta naɗe sai ta sulale ta sama ta warware da kanta. Ta nan kam ba su da abin kushewa.

Jerin da za a yi magana a kai a nan shi ne na sanda mai ƙafa 7, wato santimita 213, da ril, wato na'urar naɗe igiya, mai lamba 2500 wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda. Dogayen zobba uku samfurin KL-H masu lambar girma 20, 10 da 5.5M, sai KB biyu masu faɗin ƙafa don tsakiyar sanda inda nauyi ya fi sauka, sai ƙananan KT huɗu ko biyar, sai zoben bakin sanda. In igiyar siririya ce ƙwarai ana iya farawa da 16 da 8. Batun abin da aka yi idon zoben da shi kuwa, Alconite a firam ɗin ƙarfe marar tsatsa ya wadatar a ruwan kogi da madatsa. SiC ya fi shi tauri, Torzite a firam ɗin titaniyam ya fi su sauƙin nauyi, amma kuɗin yana ninkawa, kuma wanda ba ya shiga ruwan gishiri da wuya hannunsa ya ji bambancin da ya kai wannan kuɗi.

Inda mutane ke asara shi ne wajen jera su a jikin sanda. Ana samun jadawalin tazara a intanet, sai mutum ya kwafa ya ɗaure. Jadawali bai san ril ɗinka ba, bai san yadda sandarka ke lanƙwasa ba. Mafari ne kawai.

A fara ɗaura ril ɗin da za a yi aiki da shi a mazauninsa, domin dogayen ukun nan ril suke bi, ba sanda ba. A manna na farko da salatif ɗin takarda tsakanin santimita 48 zuwa 53 daga leɓen kwarkwaron ril. Sai a nemi wurin da igiya za ta gama saukowa ta kwanta kusa da jikin sanda. Tsohuwar ƙa'ida ita ce a auna faɗin kwarkwaro a ninka sau 27: kwarkwaro mai milimita 46 zai ba da kusan santimita 124. Da dogayen KL-H ana matso da wurin kusa, wajen mita ɗaya da 'yar ɗoriya, domin an yi su ne don su tattara igiya da wuri. A nan KB na farko zai zauna. Biyun da suka rage a sa su tsakani, sannan a kanne ido ɗaya a leƙa ta zoben farko. Idan an dace, za a ga zobe cikin zobe cikin zobe, kowanne a tsakiyar ɗan'uwansa. In ɗaya ya leƙo sama ko ƙasa, a gusar da shi har ya shiga layi.

Ƙananan kuwa sanda suke bi, kuma nan ne ya kamata a ɓata lokaci. A manna zoben baki da gam mai narkewa da wuta, a sa na kusa da shi santimita 8 zuwa 10 daga baki, sauran a rarraba su tazara na ƙaruwa kaɗan kaɗan. A kafe gindin sanda, a ɗaura wata igiya daban a zoben baki, a ja ta har sanda ta lanƙwasa, a ɗaure. Igiyar ril kuma a zura ta cikin zobba a rataya mata ɗan nauyin da zai miƙar da ita kawai. Dalilin igiya biyu shi ne kada zobban da salatif kawai ya riƙe su ɗauki nauyi, su zame ko su canza lanƙwasar. Yanzu a duba daga gefe. Inda igiya ta yi nisa da sanda kamar tsirkiyar baka, tazara ta yi yawa, kuma a irin wannan gurbi sanda ke karyewa in babban kifi ya ja. A matso da zobe ko a ƙara ɗaya. A gwada da ƙaramar lanƙwasa, a ƙara, a sake ƙarawa har ta kai tsakiya. KT ba shi da nauyin kirki, don haka ƙarin guda bai kashe motsin bakin sanda.

Kafin a taɓa zaren ɗauri, a fita fili a yi jifa. In aka ji igiya na marin sanda tsakanin ril da zoben farko, ya yi nisa ko ya yi gajarta. In tana taruwa a bakinsa tana cin nisa, ya yi kusa. Santimita ɗaya ɗaya ake gusarwa.

Suna da aibu, kuma gara a sani tun kafin a saya. Ƙafar KT ƙarama ce, guda ɗaya, tana iya zarewa in sanda ta maƙale a ciyawa ko cikin jaka. Maganinta, in ɗauri ya iso wuyan zobe a zagaya wuyan sau biyu ko uku, a ƙara 'yan zagaye a gabansa kafin a kulle. Bakin ƙafar ma yakan so a ɗan goga shi da magagari don zare mai lamba A ya hau ba tare da gibi ba, a shafe kaifin kada ya ci jikin sanda. Sai ƙullin da ke haɗa igiyar kitso da igiyar gaba, wato guntun igiyar da ake ɗaura wa kifin roba: zobe mai lamba 4 ko 4.5 ba ya son ƙulli mai kauri. Wanda bai iya ƙullin FG ba, wato siririn ƙullin haɗa igiyoyin nan biyu, ko yake sa igiyar gaba mai kauri don giwan ruwa, ya ɗauki 5.5 ko 6. Akwai kuma jabu a kasuwa. A goga auduga a cikin idon kowane zobe, in ta bar gashi akwai tsaga, kuma wannan tsagar za ta cinye igiya.

Ifokzi, wato gam mai ruwa biyu da ake haɗawa a rufe ɗauri da shi, a auna shi da sirinji biyu, daidai wa daida, aƙalla mililita 3 kowanne, domin in an rage kuskuren awo yakan hana shi bushewa. A shafa siriri sau biyu, kauri ɗaya nauyi ne a bakin sanda. Wanda ba shi da injin juyawa ya riƙa juya sandar rabin zagaye duk minti 10 zuwa 15 har awa biyu. Zafin bazara na sa ya yi kauri tun ba a gama shafawa ba, sai a yi aikin da sassafe. Da hunturu kuma a rufe taga, a yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, don ƙurar da ta sauka kan ɗanyen ifokzi ba ta fita.