Allon da zai haɗa sanda da maɓallai a akwatin gem na gida: wanne za ka saya?

Kafinta ya gama haɗa akwatin, ka sami talabijin da za ka ɗora a ciki, saura abin da zai kai wa na'ura saƙo idan an danna maɓalli. Wannan ƙaramin allon, inkoda, kada ka saye shi sai ka amsa tambaya biyu: wace na'ura ce za ta riƙe wasannin, kuma mutum nawa za su buga a lokaci guda?

Fara da ƙirga. Kowane ɗan wasa yana da fuska 4 a sanda, maɓallan faɗa 6 irin tsarin Street Fighter II, sai na farawa da na kwabo: 12 ke nan. Mutum biyu 24. Ƙara na fita da na dakatarwa, ka kai 26. Duk tsarin da bai ɗauki wannan adadi ba, da allo ɗaya ne ko biyu, bar shi.

Mafi araha shi ne Zero Delay. Yana zuwa da wayoyinsa masu soket, ba sai an yi dalma ba, kwamfuta kuma tana ganinsa a matsayin hannun gem. Allo ɗaya mutum ɗaya ne, don haka biyu za ka saya, kuma nan ne matsalarsa take: tagwaye ne masu suna ɗaya, wani lokaci idan an kashe an kunna sai na dama ya koma na hagu. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama wannan ba ƙaramin ciwon kai ba ne. Kada ka riƙa sauya musu ramin USB, kuma ka jera maɓallan biyun a soket iri ɗaya. Abu na biyu da mutane da yawa ba su sani ba: a yawancin irinsa, wayar da maɓallai suka yi tarayya a kanta 5V ce (mai wuta), ba GND ba (wato wayar nagatif). Ka auna da mita kafin ka jona ta da wani abu.

I-PAC 2 na kamfanin Ultimarc da ke Ingila ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma sai an yi oda. Amma ga mai tsohuwar kwamfuta da MAME a ciki, wato manhajar da ke kunna tsofaffin wasannin gidan gem, shi ne zaɓinmu. Yana ɗaukar waya 32, mutum biyu a allo ɗaya, ana ɗaure wayoyin da sukudireba. Kwamfuta tana ɗaukarsa kibod, kuma ya zo a saite da haruffan da MAME ta sani: 1 da 2 farawa, 5 da 6 kwabo. Idan ka riƙe maɓallin farawa na farko ka danna na biyu, wasa zai fita, ka huta da huda rami guda.

Mai iya dalma ya duba ƙaramin allon Raspberry Pi Pico da manhajar GP2040-CE da ke mayar da shi inkoda, wadda kyauta ce. Tana da saurin amsawa ƙwarai, mutum ɗaya allo ɗaya. Ƙafafun Pico 3.3V suke ɗauka. Idan 5V ta taɓa su za ka iya rasa allon. Haka dokar take ga wanda zai jona maɓallai kai tsaye a ƙafafun Raspberry Pi babba, wato 'yar ƙaramar kwamfutar nan.

Fasa tsohon kibod a ciro allonsa kuwa, arha ce da ba ta ado. Kibod na yau da kullum ba a yi shi don a danne haruffa da yawa lokaci guda ba, mutum biyu na cikin faɗa sai naushin wani ya ƙi fita. Idan kuma allon Pandora's Box, mai zuwa da wasanninsa a ciki, mai bakin JAMMA (soket ɗin akwatunan gem) ka saya, ba ka buƙatar inkoda sam, damin wayarsa mai ƙafa 56 za ka nema.

Maɓallan ma a zaɓe su kafin a huda katako. Irin na Amurka ramin milimita 28 suke so, dogon jiki ne da su da noti a ƙasa, sun dace da katako mai kaurin milimita 18 irin wanda za ka samu a 'Yan Katako ta Na'ibawa. Na kamfanin Sanwa na Japan milimita 30 ne, masu maƙalewa an yi su don faranti siriri, a katako mai kauri ba sa kamawa. Bakin wayarsu ma ya bambanta: na Sanwa milimita 2.8, na Amurka 4.8. Faɗa wa mai sayarwa wanda kake so tun kafin a ɗauro kaya, in ba haka ba sai ka yanke kowace waya ka sake mata baki.

Wajen jonawa, kowane ƙaramin makunni da ke ƙasan maɓalli irin na Amurka ƙafa uku ne, masu alamar COM, NO da NC. COM da NO kawai za ka yi amfani da su. Wanda ya sa a NC zai ga maɓalli a danne koyaushe, sai ya saki idan an taɓa. A I-PAC da Pico, waya ɗaya za ta tashi daga GND ta bi COM na kowane makunni ɗaya bayan ɗaya kamar carbi, sannan kowane NO ya tafi gurbinsa shi kaɗai. Idan maɓallai da yawa suka mutu a jere, carbin ne ya tsinke daga na farkonsu. Nan za ka duba. Yi amfani da waya mai silli-silli lamba 22, wadda ba ta da wuyar samu wajen masu kayan lantarki a Sabon Gari, don mai ƙwaya ɗaya tana karyewa da jijjiga. Sanda kuma idan ka kalle ta daga ƙasa a juye take: tura ta sama, makunnin da ya yi ƙara shi ne na sama, ko da a ƙasa kake ganinsa.

Maɓallai masu fitila suna da kyau, amma kowanne yana jan kusan miliamfiya 20, ramin USB 2.0 kuma 500 yake bayarwa. Idan sun yi yawa, ba su wutarsu daban.

Sai ƙurar hunturu. Tana shiga makunni ya fara tsallake dannawa, don haka rufe ƙasan faifan maɓallan, ka yi masa ƙofa mai hinji yadda hannu zai shiga gyara. Tun a odar farko ka ƙara makunni 6 da allo ɗaya na ajiya, domin sake aiko da guda ɗaya daga waje ya kan fi kuɗin kayan kansa.