Girls of Paper and Fire: Aoki ce ta hana ni barci

Ƙanwata ce ta bar mini littafin nan da ta zo hutu. Ta ce, "Yaya, ki karanta, amma kada ki kira ni sai kin kai ƙarshe." Wata biyu ya yi a kan akwati yana shan ƙura, don ni littattafan matasa masu sihiri da takubba sun fara gundurata: kullum yarinya ce marainiya, kullum mugun sarki ne, kullum ita kaɗai za ta ceci duniya. Wani dare da barci ya ƙi zuwa na ɗauka don in kashe lokaci. Cikin kwana uku na cinye shi.

Natasha Ngan ce ta rubuta shi, marubuciyar da ta tashi tsakanin Ingila da Malesiya, ya fito a 2018, da Turanci, shafinsa ya kusa 400. Shi ne na farko cikin uku. Na biyu ya biyo a 2019, na uku a 2021. Kafin labari ya soma akwai gargaɗi cewa a ciki akwai tashin hankali da cin zarafin mata. Wannan gargaɗin ba ado ba ne, a ɗauke shi da gaske.

Ƙasar sunanta Ikhara, an kasa mutanenta uku. 'Yan Wata su ne a sama, siffar dabbobi gare su sosai, ga ƙarfi ga mulki. 'Yan Ƙarfe rabi da rabi ne. 'Yan Takarda kuwa mutane ne zalla kamar ni da ku, su ne a ƙasa, kowa ya taka. Duk shekara ana zaɓo 'yan mata takwas daga cikinsu a kai wa sarki, wani mai siffar bijimi, su zama ƙwaraƙwaransa. Lei, jarumar labarin, ita ce ta tara, ba ta cikin lissafi. Idanunta masu ruwan zinariya ne suka jawo mata, aka zo har shagon magungunan mahaifinta aka tafi da ita, shekara bakwai bayan sojojin sarki sun yi awon gaba da mahaifiyarta. A wannan zuwan suka kashe ɗan karenta a gabanta. Nan na gane marubuciyar ba ta zo lallashi ba.

Abin da ya fi kama ni ba faɗa ba ne, yadda fadar take tafiyar da zaluncinta ne cikin ladabi. Ba a cika ɗaga wa 'yan matan bulala ba. Ana yi musu wanka, ana sa musu alharini, ana koya musu tafiya da zuba shayi, ana nanata musu cewa an ɗaukaka su, iyayensu ma sun samu girma. Wadda ta taɓa zama ƙwarƙwara ita ce ke tarbiyyar sababbi, da murya mai sanyi, tana ganin taimakonsu take. Ga kuma Aoki, ƙaramarsu, ƙawar Lei, mai yawan dariya da son ciye-ciye. A hankali Aoki ta fara son sarkin. Yana sauraronta, yana yi mata magana mai daɗi, abin da ba ta saba samu ba, sai ta soma kāre shi, har tana jin haushin Lei idan ta kushe shi. Wurin nan na rufe littafin na yi shiru. Ban iya jin haushinta ba, tausayinta ne ya cika ni, kuma na san ba a littafi kaɗai ake samun irinta ba. Mugun sarki kowa zai iya rubutawa. Yarinyar da aka zalunta har ta koma gode wa azzalumin, ba tare da an mai da ita sakarya ba, sai mai hannu.

Soyayyar labarin tsakanin Lei ce da Wren, ɗaya daga cikin 'yan matan. Na faɗa ƙarara don mai saye ya san abin da ya ɗauko, domin ba a gefe take ba, ita ce ƙashin bayan littafin. A fadar da komai na Lei mallakar sarki ne, sutura da lokaci da jiki, zuciyarta ce kaɗai abin da ta bayar da kanta, kuma hukuncin hakan ba wasa ba ne. Shi ya sa soyayyar da tawayen suka zama abu guda. Wren miskila ce, tana sulalewa da dare, tana ɓoye wani sirri da ba zan tona ba. Inda na ga gazawa shi ne saurin da aka yi. Daga satar kallo zuwa "zan mutu dominki" babu nisa, na so a bar su su ƙara sanin juna, su yi saɓani mai nauyi, kafin a kai can.

Tsakiyar littafin tana jan ƙafa. Bayanin riguna da kwalliya ya yi yawa, har na riƙa tsallake layi. Sihirin ma an taɓa shi ne sama-sama, bokayen fada suna ta aiki amma ba a zaunar da mai karatu a kan ƙa'idarsa ba. Sai dai akwai wata dabara da ta burge ni: kowane jariri ana rataya masa abin wuya da kalma ɗaya a kulle ciki, ba ya buɗewa sai ya cika shekara 18, kalmar kuma ita ce ƙaddararsa. Lei tana da 17. Tun shafukan farko mai karatu ke ƙirga kwanaki tare da ita.

Turancinsa ba mai wuya ba ne, wanda ya gama sakandare zai bi shi ba tare da ƙamus a gefe ba. Amma ba zan miƙa wa 'yar shekara 13 ba, ko da an rubuta "na matasa" a bango. Daga 16 zuwa sama, kuma a samu babba da za a tattauna da shi bayan an gama. Wadda ta taɓa fuskantar cin zarafi ta shiga a hankali. Ba a zayyana abin dalla-dalla ba, amma nauyinsa yana nan.

Shafi biyun ƙarshe kuwa sun ba ni haushi, irin haushin da ke sa mutum neman na biyu ko yana so ko ba ya so. Da sassafe na kira ƙanwata, ko gaisuwa ban bari ta gama ba na ce, "Ke, me ya samu Aoki?" Ta tuntsire da dariya ta ce sai ta dawo hutu za ta kawo mini.