Wata takwas da tiraka mai sim: ta keke ta biya, ta kyanwa tana cikin durowa

Tiraka biyu, wato na'urar da ke nuna maka a waya inda abu yake, na saya rana ɗaya a wani shago kusa da Terminus a Jos. Ɗaya don Keke Napep ɗin da na ba wani yaro yana haya yana kawo mini balas, ɗaya don kyanwar 'yata. Ta biyun ba ra'ayina ba ne. Magen ta taɓa yin kwana uku ba a gan ta ba, yarinya ta ƙi cin abinci, uwarta ta ce tunda zan sa wa keke, ita ma a sa mata.

Abin da mai shago bai gaya mini ba, sai da na sha wuya na gane, shi ne aiki biyu na'urar take yi. Da farko tana sauraron taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, da ke shawagi a nisan kilomita kusan 20,000 daga ƙasa, kuma sai ta ji aƙalla guda 4 kafin ta san inda take. Wannan kyauta ne. Sannan sai ta aiko maka labari, a nan sim yake shigowa. Layi ne kamar na wayarka: sai an haɗa shi da NIN, sai da data, sai da sabis. Ɗaya ya yanke, kai da wanda bai sa ba duk ɗaya.

Ta keke ba ni da ƙorafi mai yawa. Mai wayarin ya ɓoye ta, ya jona ta da batirin keken, don haka ba ruwana da caji. A manhaja na zana iyaka daga Farin Gada zuwa Bukuru. Wata Talata bayan la'asar waya ta yi ƙara, na duba, ga ɗigon keken a taswira yana gangarawa hanyar Bauchi, har ya kusa Tilde. Na kira shi.

"Kana ina?"

"Alhaji, ina nan Katako, layi nake bi."

Na ce, "Yaushe aka mayar da Katako Tilde?"

Shiru. Can ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, shata na samu."

Tun ranar da na miƙa masa makulli na gaya masa akwai tiraka, ya ɗauka barazana ce. Ni a ganina a gaya wa direba ya fi. Ba laɓe nake masa ba, dukiyata nake tsaro. Akwai kuma saƙon da ake turawa ya kashe inji. Sau ɗaya na gwada, keke na tsaye a ƙofar gida. Ba zan taɓa tura shi keke na gudu da fasinja a ciki ba, kuma ko sata aka yi, 'yan sanda zan nuna wa taswirar, ba ni zan bi ɓarawo ni kaɗai ba.

Inda ta ba ni kunya, data ta ƙare ban lura ba. Taswira ta yi ta nuna keke a wuri ɗaya, har na fara zargin yaron da fashin aiki, alhali balas na zuwa. Haka ma in ya shiga bayan duwatsu inda sabis ke yankewa: abin da kake gani wurin da ta yi magana na ƙarshe ne.

Ta kyanwa kuwa, wata biyu muka yi na sallama. Ta yi wa wuyanta nauyi. Caji duk bayan kwana biyu ko uku, ga wutar da sai ta ga dama, ga farautar magen kafin a cire. Babbar matsalar ita ce mage ba ta kwana a fili. Silin take shiga, ƙarƙashin kwano, inda na'urar ba ta jin tauraro, sai ta koma lissafi da ƙarfen sabis mafi kusa, ta zano da'irar da ta haɗiye rabin Unguwar Rogo. To, dama ai na san a unguwar take!

Wani dare ɗigon ya tsaya cak a gidan maƙwabcinmu. 'Yata ta ce, "Baba, wallahi sun kama ta." Na je na yi sallama, na ce, "Malam, don Allah ko magenmu ta shigo?" Muka haska da tocila, ga abin wuyan yana reto a reshen gwaba. Da gangan aka yi shi ya ɓalle in ya maƙale, don kada ya shaƙe ta. Na dawo gida na tarar da ita tana barci a kan buhun masara.

Wani abokina da ke Abuja ya ce in gwada AirTag, wadda Apple ta fitar a 2021. Ba sim, ba data, batirinta mai kamar kwabo yana kai kusan shekara. Sai dai da Bluetooth take aiki, sai wani mai iPhone ya gifta kusa da ita kafin ka ji labari. A Maitama wannan ba matsala ba ce. A lungunmu ina iya ƙirga masu iPhone da hannu ɗaya.

Uwargida ta ce a ajiye ta biyun don ragon layya, shi wuyansa zai ɗauka. Na ce wanda zai kwance rago, abin da ke wuyansa zai fara yankewa. Duk da haka ina ɗan sa wa layin kati lokaci-lokaci kada a rufe shi. Mage kuma 'yar ƙararrawa muka ɗaura mata, tun daga zaure ake jin tahowarta.