Katantanwa ko bututun tsutsa: gidaje biyu na ƙaguwa mai aron gida

Akwai ƙaguwar teku da bayan jikinta ba shi da ɓawo mai tauri, don haka dole ta nemi mafaka. Yawancin irinta suna shiga katantanwar da dodon koɗi ya mutu ya bari, su riƙa yawo da ita suna kiwo. Amfanin wannan gida shi ne 'yancin tafiya, amma idan ƙaguwar ta girma sai ya matse ta, ta shiga neman wani, kuma sau da yawa sai an yi faɗa kafin a samu.

Wata ƙaramar ƙaguwa mai suna Discorsopagurus schmitti, wadda ke zaune a duwatsun ƙarƙashin ruwan sanyi na arewacin Tekun Fasifik, ta bi wata hanya dabam. Tana shiga bututun da tsutsar teku ta gina ta bari manne da dutse, kuma da yake bututun ba a naɗe yake kamar katantanwa ba, bayan jikinta ma bai naɗe kamar na masu shiga katantanwa ba. Igiyar ruwa ba ta iya kwashe ta, sai dai abincinta ya dogara ga abin da ruwan ya kawo bakin bututun. A ganina, inda ruwa ke gudu da ƙarfi, bututun ya fi katantanwa aminci.