Lakcocin Susskind na fiziks a YouTube, ga mai son lissafin da gaske

Masu tambayata ina za su koyi ka'idar Einstein ta gudun haske da lokaci ba tare da sun biya ko sisi ba, amsata dai ɗaya ce, ku je YouTube ku nemi lakcocin Leonard Susskind na Jami'ar Stanford da ke Amurka, jerin da ake kira The Theoretical Minimum. Dattijo ne, an haife shi 1940, yana cikin waɗanda suka kafa ka'idar string (mai cewa komai an gina shi ne da ƙananan zarurruka masu girgiza), kuma da ƙuruciyarsa aikin famfo ya yi a New York kafin ya shiga fiziks. Wallahi kana jin wannan a koyarwarsa, ba ya kwana-kwana.

Abin da ya sa nake yabonsu shi ne lissafi yake yi. Bidiyoyin da suka cika intanet sai su ce maka lokaci yana rage gudu, ka yi mamaki, shi ke nan an tashi. Shi kuwa zai tsaya gaban allo da alƙalamin maka a hannu, ya ja layi ɗaya na wuri ɗaya na lokaci, ya ce mu ɗauki gudun haske a matsayin 1 don kar lambobi su dame mu, sai ya bi da kai a hankali daga magana ɗaya tak, cewa kowa zai auna gudun haske ya samu daidai da na kowa (kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa) ko yana tsaye ko yana tafe, har ka ga lissafin Lorentz, wanda ke haɗa awon wuri da lokaci na mai tsaye da na mai tafiya, ya fito da kansa a gabanka. A nan ne za ka gane abin da Einstein ya yi a 1905 yana ma'aikacin ofis a Bern, da dalilin da ya sa abubuwa biyu da suka faru lokaci guda a wajenka ba lallai su zama lokaci guda a wajen wanda ke cikin jirgin ƙasa ba. Daga nan kai da kanka za ka iya lissafawa: wanda ya yi tafiya da kashi 80 cikin 100 na gudun haske, in shekara 10 ta wuce a gida shi 6 ce ta wuce masa. Ranar da wannan 6 ɗin ta fito min a takarda na ji daɗi sosai.

Amma fa a shirya. Kowace lakca tana kusan awa biyu, kwas ɗaya kuma lakca goma ne ko kusa, to data za ta tafi, gara ka sauke su da daddare a ƙaramin kwaliti, rubutun allon yana karantuwa. Turanci ne zalla. Ba satifiket, ba aikin gida, ba mai duba maka, don ajin na manya ne da suke zuwa don sha'awa, kuma tambayoyinsu wani lokaci suna jan lokaci, ko da yake sau da yawa tambayar da ke raina ce wani yake yi.

Kar ka fara da na Einstein ɗin kai tsaye. Farkonsa aljabara ta sakandare ta isa, amma da an wuce nan an shiga lantarki da maganaɗisu da lissafin Maxwell da ke bayaninsu, komai ya jingina ne a kan Lagrangian, wata hanyar fitar da dokokin motsi daga makamashi, da aka koyar a kwas na farko, na motsin abubuwa irin na Newton. Wanda ya tsallake shi zai tsaya cak a tsakiya. Kalkulas ma dole ne, ko ɗan kaɗan.

Ga ɗaliban fiziks da injiniyanci a jami'o'inmu da malaman sakandare, ina ganin ya fi kowa amfani gare ku. Ku tanadi biro da littafin rubutu, duk layin da ya rubuta ku tsayar da bidiyon ku sake fitar da shi da hannunku kafin ku ci gaba.